Abin da kyamarar ƙofar gidana ke gani da daddare

Tun da na sa kyamarar tsaro a ƙofar gida, kullum da magariba nakan ji wata 'yar ƙara daga cikinta, sai hoton da ke wayata ya koma fari da baƙi. Ƙarar ta wani ɗan gilashi ce da ke tare hasken infirared (hasken da idon mutum ba ya gani) da rana domin launuka su fito daidai, idan duhu ya yi kuma ya kauce.

Idon mutum yana ganin haske daga kimanin nanomita 400 zuwa 700 ne kawai (nanomita ɗan ƙanƙanin ma'auni ne da ake auna tsawon zangon haske da shi), abin da ya zarce jan launi kuwa shi ne infirared, wanda masanin taurari William Herschel ya gano a 1800 da ma'aunin zafi. Da rana kyamara tana karɓar hasken da ya daki abu ya dawo, kamar yadda ido ke yi. Da dare sai ta kunna ƙananan fitilun da ke kewaye da idonta, galibi masu nanomita 850, waɗanda in ka matsa kusa za ka ga suna ja kamar garwashin da ya kusa mutuwa. Wato tocilarta take haskawa, mu ne ba ma gani. Shi ya sa ba na yarda da launi a hoton dare, domin na ga baƙar rigar ƙanena ta fito fara fat.

Masu saye da yawa sun ɗauka zafin jiki irin wannan kyamara ke gani, kuma wannan kuskure yana damuna ƙwarai. Mai ganin zafi dabam take. Tana aiki tsakanin maikromita 8 zuwa 14 (maikromita ɗaya nanomita dubu ne), inda jikin mutum da na dabba ke fitar da nasu hasken, don haka ba ta buƙatar fitila, amma gilashin taga yana tare mata gani, kuma ba ta fayyace fuska. Da wani ma'adini mai suna jamaniyum ake yin idonta, abin da ke ƙara mata tsada.

Gano motsi kuwa kwatanta hoto ne da wanda ya gabace shi. A hunturun bara ƙurar hazo da ƙwarin da ke giftawa gaban fitilun sun yi ta tashina cikin dare, sai da na share saƙar gizo-gizon da ke bakin kyamarar, na kuma taƙaita sa idonta ga bakin ƙofa kaɗai, sannan wayar ta bar ni na yi barci.