Bidiyon minti uku ba ya gaya maka ko yaro zai iya NBA

Duk lokacin da watan Yuni ya matso, lokacin zaɓen sabbin 'yan wasa na NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, sai ka ga an fara yawo da wani ɗan guntun bidiyo a YouTube na wani yaro daga Sabiya ko Faransa ko Lituwaniya, dogo ne zanƙalele, ya dankara ƙwallo a kwando sau biyar ya jefa na maki uku sau huɗu, a bayan fage kuma kiɗa na tashi, shikenan sai mutane su fara rantsuwa cewa sabon Dirk Nowitzki, Bajamushen da ya yi fice a NBA, ya iso. Ni kam ba na kallon irin wannan sai don nishaɗi. Wanda ya haɗa bidiyon ai ba zai saka maka inda aka wuce yaron kamar an wuce turke ba, kuma ba zai nuna maka cewa wasan da ya yi wannan bajintar na 'yan ƙasa da shekara 18 ba ne.

Abu na farko da nake tambaya shi ne, da wa yake bugawa, kuma minti nawa koci yake ba shi idan wasa ya yi zafi? Nan ne aka yi wa Luka Doncic rashin adalci a 2018. Yaron nan ya je kulob ɗin kwando na Real Madrid tun yana ɗan shekara 13, ya fara buga wa babbar tawaga yana 16, a 2017 ya ci kofin Turai da ƙasarsa Slobeniya, a 2018 kuma ya ci EuroLeague, babbar gasar kulob-kulob ta Turai, aka ba shi gwarzon gasar gaba ɗaya yana ɗan shekara 19, gasar da magidanta masu iyali ke bugawa, wasunsu ma sun taɓa zama a NBA sun dawo. Amma me aka riƙa cewa? Wai ba shi da gudu, wai ba ya tsalle, wai ya riga ya kai iyakarsa. Phoenix ta ɗauki Deandre Ayton, Sacramento ta ɗauki Marvin Bagley, Atlanta ta ɗauke shi na uku ta miƙa wa Dallas a madadin Trae Young da wani gurbin zaɓe. To shi gudu iri-iri ne fa. Luka ba ya tsere wa kowa, amma ya iya birki, yana tafe sai ya tsaya cak mai tsaronsa ya wuce, ya saka shi a bayansa da kafaɗa, ya jira dogon da ke gindin kwando ya ɗaga ƙafa ɗaya sannan ya yanke shawarar jifa ko fasin. Wannan ba ya fitowa a awon tsalle da ake yi a Chicago kafin zaɓe, sai ka zauna ka kalli wasa daga farko har ƙarshe.

Ɗaya gefen kuma ga su Nikoloz Tskitishvili, wanda Denver ta ɗauka na biyar a 2002 alhali a Benetton Treviso yawanci a benci yake, da Dragan Bender da Phoenix ta ɗauka na huɗu a 2016 shi ma bai samu mintuna masu yawa a Maccabi Tel Aviv ba. Dukkansu dogaye ne masu iya jifa a atisaye. Tsayi aka saya da fata nagari, kuma babu wanda ya yi abin kirki a cikinsu a NBA.

Lissafin maki ma yana yaudara idan mutum bai san bambancin dokoki ba. A Turai wasa minti 40 ne, a NBA 48. Layin maki uku a dokar FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, mita 6.75 ne, a NBA ya kai 7.24 idan kana fuskantar kwando kai tsaye, kuma a Turai dogon ɗan baya yana iya kafa sansani a gindin kwando abinsa, a NBA kuwa in ya wuce daƙiƙa uku ba ya tsaron kowa sai a busa masa. Saboda haka fili ya fi cunkushewa a Turai, kocinsu kuma ba sa wasa da yara, ka yi kuskure biyu ka koma benci. Yaron da ke cin maki 10 a ligin Sifaniya yana iya fin wanda ke cin 20 a wata jami'ar Amurka nesa ba kusa ba. Shi ya sa in ina son sanin ko hannunsa zai yi, na fi duba jifan kyauta da ake ba mutum bayan an yi masa keta, don shi babu mai tsaro babu uzuri, in yana zubar da shi to jifan nesan da ka gani a bidiyo sa'a ce kawai.

Sai tsaron baya, wanda nan ne yawancinsu ke faɗuwa. A NBA idan an gano ƙafarka ba ta da sauri, za a yi ta kiran wanda kake tsaro ya zo ya tare hanya har sai an bar ka kai kaɗai da ɗan wasansu mafi sauri, a yi ta maimaitawa har kocinka ya gaji ya cire ka. Don haka ina kallon ƙugunsa, yana iya juyawa ya bi ƙaramin ɗan wasa taku uku ko huɗu? Idan ƙwallo tana can ɗaya gefen, kansa na juyawa yana lura ko tsayawa yake yana kallo kamar ɗan kallo?

Yanzu wani zai ce to Giannis fa? Gaskiya ne, Giannis Antetokounmpo ya rushe wannan ƙa'idar tawa ta farko. A rukuni na biyu na Girka yake bugawa da Filathlitikos, siriri sosai, a ɗan ƙaramin zaure, Milwaukee ta ɗauke shi na 15 a 2013, ya zo ya ci gwarzon NBA a 2019 da 2020, ya ci kofi a 2021 da maki 50 a wasan ƙarshe. Amma a duba lamba, na 15 ne, wurin da in caca ta ƙi ba a yi asarar komai ba. Kuma ko a lokacin ana ganin yana ɗauko ƙwallo daga baya ya kawo ta gaba da kansa yana raba fasin, abin da dogo ba ya yi. Haka Nikola Jokic, na 41 a 2014, lokacin da aka kira sunansa ma tallan gidan abinci na Taco Bell ake nunawa a talabijin. Jikinsa aka kalla aka ce bai yi kama da ɗan wasa ba, aka manta da idonsa da hannunsa. Denver ta bar shi ya ƙara shekara guda a kulob ɗinsa Mega, ya ci gwarzon ligin Adriyatik, sannan ya taho a 2015.

Wannan barin yaro ya ƙara nuna a gida ina ganin ba a ba shi muhimmancin da ya kamata. Darko Milicic kowa ya mayar da shi abin dariya saboda Detroit ta ɗauke shi na biyu a 2003 ta bar Carmelo Anthony da Chris Bosh da Dwyane Wade, amma yaro ne ɗan shekara 18 da ya faɗa kulob mai neman kofi, koci Larry Brown ba shi da lokacin raino, suka ci kofin 2004 yana zaune, shekarun da ya kamata ya yi ta kuskure yana koyo suka tafi a benci. Ba na ce da ya zama tauraro ba, amma da wani kulob ne mai haƙuri da labarin ya ɗan bambanta.

Victor Wembanyama (Wemby) dai bai ba kowa wahalar tunani ba a 2023, mai tsayin sama da mita 2.20 da ke dirabul kamar ƙaramin ɗan wasa, kuma ya buga cikakkiyar kaka da Metropolitans 92 har wasan ƙarshe na ligin Faransa. Matsalar ita ce tun daga shi duk wani dogon Bafaranshe sai a ɗora masa farashin da ba nasa ba. A 2024 na ɗaya da na biyu duk Faransawa ne, Zaccharie Risacher da Alex Sarr, 'yan wasa ne masu kyau, amma duk wanda ya zauna yana jiran wani Wemby daga cikinsu shi ya so wa kansa.