Zuwa taron sa hannun mai zane: shirin da nake yi kafin layi da kulawar da ke bayansa

Ƙaramin gidan baje kolin zane-zane da ke haɗe da kantin littattafai yawanci ɗaki ɗaya ne ko biyu. Zane na rataye a bango, littattafai na jere a kanta, teburin biyan kuɗi na bakin ƙofa. Ranar da mai zane zai zo sa hannu sai a ajiye masa tebur a ƙurya, kafin ka ankara wuri ya cika maƙil. Shi ya sa nake isa da sauran kamar awa guda, domin in jama'a ta taru ƙeyar mutane kawai za ka yi ta kallo. Kowane zane nakan dube shi sau biyu, daga taku uku ko huɗu don in ga tsarinsa, sannan in matso in ga yadda hannun mai shi ya bi takarda.

Tun kafin ranar nake tambayar masu kanti ƙa'idarsu. Wasu sai ka sayi littafin mai zanen a wurinsu za su ba ka lambar layi, wasu kuma suna ƙayyade abin da mutum ɗaya zai miƙa, biyu ko uku. Ni ina ganin daidai ne. Cinikin ranar ne ke biyan haya da wuta, kuma a kan zanen da aka sayar gidan yakan ɗauki kamasho, sau da yawa har rabin kuɗin. In kowa ya sayo nasa a intanet ya zo neman sa hannu kawai, ba a jima ba za a rufe wurin.

Ka nemi takardar farashi, tana ɗauke da sunan kowane aiki, shekararsa, girmansa da abin da aka yi shi da shi. Jan ɗigo a gefen zane alama ce an riga an saya.

Inda na fi ɓata lokaci shi ne teburin bugaggun zane, domin nan ne ake yawan sayen abin da ba a fahimta ba. Akwai zane na asali da babu na biyunsa, akwai bugu mai ƙidaya, akwai kuma fosta da injin ɗab'i ke fitarwa ba iyaka. Sa hannu a kan fosta ba ya mayar da ita bugu mai ƙidaya. Na gaskiyan, ƙasan takardar za ka duba: lamba a hagu, sunan aikin a tsakiya, sa hannu a dama. In ka ga 12/50, kwafi na 12 ne cikin 50. Mutane kan yi rububin ƙaramar lamba, alhali sau tari sai an gama bugu takardu sun bushe ake bin su da lamba, ba lallai a jeren da suka fito ba. Inda fitowa da wuri ke da tasiri sosai shi ne zanen da aka karta kai tsaye a faifan tagulla da tsinin ƙarfe, saboda kaifin kartar yana lafawa duk lokacin da faifan ya bi ta cikin matsi. Haruffan A/P kuwa na nufin kwafin da mai zane ya keɓe wa kansa a wajen ƙidayar, bisa al'ada kusan kashi 10 cikin 100 na bugun.

Da fensir ake wannan rubutu, kuma ba rowar biro ba ce. Baƙin fensir ba ya koɗewa a haske kamar tawada, ba ya naso, kuma yana nuna cewa hannu ne ya rubuta. Al'adar ta kafu ne a ƙarshen ƙarni na 19, mai zane ɗan Amurka James McNeill Whistler na cikin waɗanda suka yaɗa ta.

Ina tafiya da ɗan madubin ƙara girma mai ninki 10. Hoton da injin ɗab'i ya buga, in ka leƙa za ka ga ƙananan ɗigo-ɗigo a jere cikin launi huɗu. Wanda aka buga daga faifan ƙarfe yakan bar shatin faifan a takarda, wani ɗan lotsawa mai kusurwa huɗu kewaye da hoton, ana ganinsa in haske ya zo ta gefe. Wanda aka buga da sassaƙaƙƙen katako ko ta rariyar siliki kuma tawadarsa na kwance shimfiɗe ba ɗigo. Bugun firinta mai fesa tawada ba yaudara ba ne matuƙar an faɗa maka, sai dai ka tambaya: takardar auduga ce marar asid? Tawadar mai garin launi ce ko ta rini? Ta rini ta fi saurin koɗewa. Sannan, za a sake buga hoton nan a wani girman? In amsar e ce, ƙidayar 50 ɗin ta rage daraja.

Layi kansa ba shi da wuya. A gaban mai zane minti ɗaya ko biyu kake da shi, don haka nakan rubuta sunan da nake so a 'yar takarda da manyan haruffa, in buɗe littafin a shafin da ke ɗauke da sunansa tun kafin a zo kaina. Cikin hayaniya ba a jin suna da kyau, kuma tawada ba ta gogewa. Ka yanke shawara tun a layi ko sa hannu zalla kake so ko da sunanka. Masu tara littattafai don sayarwa sun fi son zalla. Ni na fi son da suna, tunda ajiyewa zan yi.

Ga inda aka fi yin ɓarna. Littattafan zane galibi da takarda mai sheƙi ake buga su, ita kuwa ba ta shan tawada, a sama take zama. Tawadar alƙalamin maka mai ruwan azurfa ko zinariya, wadda ake amfani da ita a baƙin shafi, tana da jinkirin bushewa sosai. Na ga wani ya rufe nasa nan take ya maƙale a hammata, da ya buɗe a bakin ƙofa sai ga sa hannun ya kwafu a ɗaya shafin, na asalin ya dame. Ka koma gefe da littafin a buɗe, ka ba shi minti biyar, ka karkata shi wajen haske. In ba ya ƙyallin danshi sai ka sa farar takarda mai laushi tsakani ka rufe.

Tambaya ɗaya nake shiryawa, a kan aikin da na riga na duba, misali me ya sa ya bar wancan ɓangaren fari. Irin wannan tana buɗe bakin mai zane fiye da yabo. Ɗan zane a gefen sa hannu kyauta ce, in ya yi ka gode, in layi ya yi tsawo kada ka roƙa. Hoto ma sai da izini, kuma sayen zane bai ba ka haƙƙin mallakarsa ba, yana nan hannun mai shi.

Ka karɓi rasit mai ɗauke da sunan aikin, lambarsa, shekara da irin bugun. Ƙaramin bugu nakan sa shi tsakanin kwali biyu masu kauri. Babba sai an naɗe, amma a bututun kwali mai faɗin santimita 8 ko fiye, domin matsattsen naɗi yana karya takarda mai kauri. Da isa gida a fitar, a shimfiɗa a danne da littattafai na 'yan kwanaki.

Wajen mai firam nakan tsaya a kan abu uku. Kada gilashi ya taɓa hoton, a sa kwalin gefe marar asid tsakani, in ba haka ba laima za ta manne su. Kada salatif ko gam su kusanci takardar, suna barin tabo ruwan ƙasa da ba ya fita; masu aikin kirki da siririyar takardar Japan da kunun sitacin alkama suke rataya ta daga sama. Kuma kada a yanke gefen da lamba da sa hannu suke don ya shiga firam. Gidajen tarihi suna nuna aikin takarda a haske mai rauni, wajen luks 50 (luks ma'aunin ƙarfin haske ne), da laimar iska kusan kashi 50 cikin 100. A gida ba za ka auna haka ba, amma ka zaɓi bangon da rana ba ta dukansa, nesa da madafa da banɗaki, ka kuma bar ɗan tazara tsakanin bayan firam da bango don iska ta riƙa ratsawa.