Yadda kwangilar yunifom ta kusa cinye mana aji

Shekara shida muka yi muna koya wa matan da mazajensu suka rasu ɗinki, a wani gidan haya a Kurna, nan Kano. Mun yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, mun karɓi takardar SCUML, sashen yaƙi da halasta kuɗin haram, don banki ya buɗe mana asusu, amma gaskiya wata ƙungiyar ƙasar waje ce ke biyan komai: haya, albashin malamai biyu, yadi da zare. Namu dai rahoto duk bayan wata uku.

Cire tallafin fetur a Mayun 2023 ya fara girgiza mu, don kuɗin Adaidaita Sahu ya sa masu zuwa daga nesa suka riƙa fashi. Sai kuma Janairun 2025, Trump ya dakatar da tallafin da Amurka ke bayarwa a waje. Mai ba mu kuɗi ba Ba'amurke ba ne, amma manyan ƙungiyoyin da USAID, hukumar tallafin Amurka, ta saki duk ƙofarsa suka nufa. Wasiƙa ta zo cikin ladabi: ba za a sabunta tallafinmu ba.

Na taɓa karanta yadda ƙungiyar agaji ta BRAC a Bangladesh ta buɗe shagunan Aarong tun 1978, tana sayar da aikin hannun matan karkara, ribar tana komawa cikin aikinta. Na ce mu ma ai muna da kekuna. Muka bi makarantun kuɗi muka karɓo kwangilar yunifom, muka ɗauko yadi bashi a Kantin Kwari. Kuɗi suka fara shigowa, har na fara barci.

Abin da ban lura da shi ba, yunifom yana da ranar kaiwa. Kafin komawa makaranta a Satumba, kowane keke na hannun wadda ta fi sauri, masu koyo kuwa suna kan tabarma suna cire zare. Wata dattijuwa da muke kira Inna, mai riƙon jikoki marayu, ta tare ni a zaure ta ce, "Hajiya, mu masu nawa kallo muka zo yi ke nan?" Na rasa amsa. Don irinta aka buɗe wurin, ga shi mun mayar da ita 'yar share tsumma. Ƙari a kan haka, wani mai makaranta ya riƙe mana kuɗi sai zango na biyu, mai yadi yana ta bugo waya.

Muka zauna da amintattun ƙungiya. Yanzu safiya ta masu koyo ce, ko da kwangila na ƙonewa. Aikin kuɗi sai bayan azahar. Littafin kuɗi biyu ne, ba a haɗa su. Ba ma sa almakashi a yadi sai an ba da rabin kuɗi. Wata babbar kwangila ma mayar da ita muka yi, kuma har yau idan na tuna kuɗinta raina yana sosuwa.

Hayar gida kuwa, wani Alhaji a unguwa ya ba da shago waƙafi, kuɗin hayarsa ke biya. Albashi ne bai cika ba, dole muka sallami malama ɗaya. An yaye Inna kafin azumi, yanzu ita ke koya wa sababbi saka zif.