Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Idon da Na Dasa a Siton Dawanau

Makon jiya mun tsaya a ranar da Baffa, ƙanin mahaifinmu, ya sallami Baba Buzu daga gadin sito. Kafin in ci gaba sai na maimaita maganar da aka sallame shi da ita, domin ita ce mafarin duk abin da zan faɗa yau. Hajiya, matar marigayi mahaifinmu, ta aika aka kira Baffa, ta ce masa, "Baffan yara, ka kama shi da kaya a hannu ne?" Ya ce, "Hajiya, ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Na kalli mutumin nan, na san abin da na gani."

Wannan karin magana a bakin mahaifinmu muka san ta. Marigayi in ya faɗe ta, tsibin gero yake nufi: ya dube shi sau ɗaya ya ce tiya kaza ce, a auna a samu haka. Ban taɓa jin ya auna ɗan Adam da ita ba. Baffa ne ya ɗauke ta ya ɗora wa dattijon da ya zo Kano tun yana saurayi, lokacin farin 1973 da ya ƙarar musu da dabbobi a can wajen Agadas, ya zauna da mahaifinmu tun ba a san za a yi sito a Dawanau ba. Baba Buzu bai iya boko ba, amma duk buhun da ya shiga sai ya ja layi da gawayi a bango, duk wanda ya fita ya soke layin. Shi ne ma ya fara cewa riɗi yana raguwa. Wanda ya kai ƙara shi aka mayar ɓarawo. Da na buɗe baki a wurin, Baffa ya ce, "Kai mai taɓe-taɓen waya, me ka sani a harkar hatsi?"

Gyaran waya nake yi a Farm Centre a lokacin, kuma ban taɓa jin kunyar sana'ata ba.

Kaka ta zagayo, ƙarshen 2017, aka cika sito da riɗi da zoɓo. Sabon mai gadi yana bakin ƙofa, ɗan Baffa na biyu ne ya kawo shi. Kaya suka ci gaba da raguwa. Baffa ya ce ɓera ne, ya ce ramewar buhu ce, ya ce 'yan dako ne. Ɓeran da ke ɗauke buhu sukutum har da ɗinkinsa ban taɓa ganinsa ba, na kuma faɗa masa haka cikin ladabi.

Na je Sabon Gari na tambayi kuɗin kyamarorin tsaro irin na shaguna, masu akwatin naɗa da dogayen wayoyi. Kuɗin ya fi ƙarfina, jakar gida kuma tana hannun Baffa. Ko da na samu kuɗin ma ba za su yi mini aiki ba. Suna son wuta tsayayya, a Dawanau kuwa sai a kwana biyu ba a kawo ba. Kuma kowa yana ganinsu, wanda ya san inda akwatin yake sai ya zare shi ya tafi da shi.

Wani abokina da ke karatu a Ingila ne ya fara ba ni labarin Raspberry Pi. Kwamfuta ce sukutum a kan faranti ɗaya, girman katin cire kuɗi na banki. Wata gidauniya ce a Kambrij ta fito da ita a 2012 don yara su koyi rubuta manhaja, a kan dala 35. Daga baya suka yi ƙaramarta, Pi Zero, sannan a farkon 2017 suka fitar da Zero W mai waifai a jikinta, dala 10. Dala tana wajen naira 360 a kasuwar bayan fage a lokacin, ku lissafa da kanku. Matsalar Zero ɗin ita ce shagunan can ɗaya-ɗaya suke sayar wa mutum, don haka sai da abokina ya roƙi wani ɗan ajinsu ya saya masa ta biyu. Ya zo mini da su hutun Disamba: babbar guda ɗaya, wato Pi 3, Zero W biyu, da kyamarori uku ƙirar gidauniyar, masu megafiksil 8, kowace dala 25. Na ce masa lallai nau'in NoIR, wato wadda ba a sa mata gilashin da ke tace hasken infirared ba, don ita ce ke gani a duhu in an haska mata fitilar da idon mutum ba ya gani. Na kuma ja masa kunne a kan siririyar igiyar kyamara, domin bakin Zero ya fi na babbar ƙanƙanta, igiyar da ke zuwa cikin kwali ba ta shiga.

Sarƙar Hajiya ta azurfa ce ta biya rabin kuɗin. Ban roƙe ta ba. Ta ji ina lissafi a tsakar gida ta shiga ɗaki ta fito da ita a ƙulle cikin gefen zane. Wannan ma har yau Baffa bai sani ba, in yana karantawa to yanzu ya sani.

Bari in tsaya a kan aikin, domin matasa suna yawan zuwa shagona suna tambaya, kuma ba wani sihiri a ciki.

A katin memorin kowace na zuba motionEyeOS, manhaja ce ta kyauta. Aikinta ta riƙa gwada hoton yanzu da wanda ya gabace shi, in ta ga canji ya wuce iyakar da ka sa mata sai ta fara naɗa. Ba motsi, ba naɗi, don haka wuri ba ya cika da banza. Abin da ya sa na zaɓe ta kuma, ba ta yawan rubutu a ɓangaren da ita kanta take zaune. Duk wanda ya yi hulɗa da Pi a ƙasar nan ya san babban makashinta shi ne a ɗauke wuta tana tsakiyar rubutu, kati ya lalace. Pi 3 na mayar uwa: ita ke karɓar hotunan ƙananan biyun ta waifai tana ajiyewa a filas. Na ɓoye ta a saman silin ɗin ɗan ofishin marigayi tare da ƙaramar na'urar waifai.

Wuta kuwa ban dogara da ta layi ba ko kaɗan. Farantin sola ɗaya a kan kwano, batir mai bolt 12, da ɗan abin rage ƙarfi da ke sauko da shi zuwa bolt 5. Sai ka auna da mita kafin ka jona, in ya haura ka ƙona Pi ɗin nan take. Zero da kyamararta ba su wuce cin wat biyu ba. Fitilun dare su ne masu ci. Iri biyu ne a kasuwa: mai lamba 850 ta fi haske amma tana yin ɗan ja-ja da ido ke iya hangowa, mai 940 ba ta nuna komai sai dai haskenta ba ya nisa. Ta bakin ƙofa na sa mata 850. Ta ciki na sa 940, na matso da ita kusa da layin riɗi.

Sai agogo. A nan ne na san halin Baffa ya yi mini amfani. Pi na wancan zamani ba ta da agogon kanta, daga intanet take ɗaukar lokaci, in ta mutu ta tashi ba intanet sai ta rubuta lokacin da ba shi ba. Na san ranar da zan nuna hoto, abin da za a fara tuhuma ke nan. Na sayi ɗan agogo mai lamba DS3231, mai batir irin na agogon hannu, na liƙa wa uwar da dalma, ƙananan kuma na sa su riƙa karɓar lokaci daga wurinta. Kullum na leƙa sito sai na gwada da agogon wayata.

Makon farko abin da na naɗa duk ƙwari ne. Fitilar ƙofa ta tara asu, gizo-gizo ya zo ya yi saƙa a kan gilashin, iska na kaɗa zaren, na'ura na ɗauka mutum ne. Ga ƙurar hunturu da ke wucewa ta gaban fitila fari fat. Ga kyanwa, ga ƙadangare. Na raba fitila da kyamara da kamu biyu, na ɗaga iyakar motsi, na shafe wuraren da ba na so ta kula da su, na bar ƙofa da hanyar da ke tsakanin buhuna. Buhunan da kansu suna cinye waifai, in an jera su har sama sai hoton ya riƙa yankewa, dole na ɗaga Zero ɗin can jikin katakon rufi. Da bazara ta zo kuma zafin kwano ya zama wani abu daban, Pi 3 in ta kai digiri 80 rage gudu take yi da kanta, sai da na huda akwatin na sa mata 'yar fanka. Amma wannan daga baya ne.

Ta bakin ƙofa a fili na kafa ta, da izinin Baffa. Ya zo ya tsaya yana kallona a kan tsani, ya ce, "Wannan abin wasan yaran ne zai yi gadi? Ni idona ya ishe ni. Ido ba mudu ba ne." Bai ƙarasa ba, 'yan dako suka ƙarasa masa suna dariya. Ta ciki kuwa, wadda na sa cikin tsohon akwatin mita mai tsatsa, daga ni sai Hajiya muka san da ita. Tana da tumunin takaba a dukiyar nan, mu kuma 'ya'yan marigayi ne, ba kayan wani na leƙa ba.

Abin da ke ba ni mamaki, a 2022, lokacin da Pi ta yi wuyar samu a duniya saboda ƙarancin kayan haɗa na'urori, har wadda ake samu ta ninka kuɗinta, shi Baffan ne ya aiko a ce in zo in sa masa "irin abin nan" a gidansa. Na je na sa masa, ban karɓi ko sisi ba, ƙanin ubana ne. Ina kan tsani a ƙofar gidansa ina jira ko zai ambaci sunan Baba Buzu. Ya kawo mini lemo, ya tambayi lafiyar yara.

Mu koma Dawanau. Wata safiyar Laraba na sauke filas ɗin na buɗe a shago. Ta ƙofa ta nuna hannu da buhun wofi, sai duhu. Ƙarfe 3:40 na dare. Na buɗe ta ciki. Hoton infirared ba launi, idanun mutum suna ƙyalli, amma fuska fes take fita. Ƙofa ta buɗe da makulli, ba a ɓalle komai ba. Sabon mai gadin ne ya fara shigowa da tocila, bayansa ɗan Baffa. Ɗan Baffan ne ke nuna buhun da za a ɗauka, daga tsakiyar layi, sannan su gyara jerin yadda ba za a ga giɓi ba. Na san tafiyarsa tun kafin ya juyo, yana ɗan jan ƙafar hagu tun faɗuwar da ya yi daga kan mangwaro muna yara, ni na goyo shi zuwa gida ran nan. Kwano ɗaya muka ci tuwo da shi. Ba zan faɗi sunansa ba, yanzu magidanci ne da 'ya'ya, kuma 'yan gida sun san shi. Na rufe shago ranar ban taɓa wayar kowa ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Hajiya ta tara mu a falonta, har da Kawu da Yaya Babba. Na ajiye kwamfuta a kan darduma na kunna. Baffa ya kalla har ƙarshe. Ya ce, "Yaron nan ai aikinsa ne shiga sito. Wa ya san lokacin da aka ɗauki wannan?" Na nuna masa lokaci a kusurwar hoton. Ya ce na'ura ana juya ta. Na kunna ta ƙofa, minti ɗaya tsakaninsu, ga titi ba kowa, ga a-kori-kura a fake ba fitila kafin buhu ya rufe gilashin. Yaya Babba ya buɗe littafin ciniki, ranar ba a rubuta fitar ko buhu ɗaya ba. Kawu ya sa aka kira yaron. Bai yi gardama ba, ya durƙusa yana kuka, ya ce tun shekarar da marigayi ya kwanta ciwo ya yanka makullin. Wato shekara biyu kafin a sallami Baba Buzu.

Baffa ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago cewa ya yi, "Abin gida ne. A rufa asiri, Allah ya rufa mana."

Na ce, "Baffa, Allah ya huci zuciyarka, shi kuma Baba Buzu fa?"

Ya ce, "Ai ya riga ya tafi."

Kalma biyar ke nan, kuma su ne duk abin da dattijon ya samu bayan shekarun da ya yi yana kwana a bakin ƙofarmu cikin sanyi. Asirin ɗa an rufa, ban ƙi ba, ni ma ban so a kai shi ga hukuma ba. Amma an tsayar da bawan Allah a gaban 'yan dako da maƙwabtan sito an kira shi ɓarawo, ya naɗe tabarmarsa da butar shayinsa bai ce uffan ba, kuma shaidar da aka kawo a kansa ita ce ido ya san kima. Hajiya ba ta cika ɗaga murya ba, amma ranar ta ce, "Baffan yara, a bainar jama'a ka ɓata shi, a bainar jama'a za ka wanke shi." Ya ce in sha Allah. Riɗin nan an sayar, an sake cika siton an sake sayarwa, ban ji ranar da ya tara mutane ba.

A daren Juma'ar nan Hajiya ta kira ni ɗakinta. Ta lissafa albashin Baba Buzu tun daga watan da aka kore shi har zuwa wannan watan, ta ƙulle a leda, ta ƙara mini kuɗin mota. Wani mai shayi a kasuwa ya ce ya ji labarin ya koma wajen ɗiyarsa a Damagaram. Na kwafe bidiyon a wayata don ya gani da idonsa, na kama hanyar Daura da asuba. Abin da na tarar a Damagaram sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.