Asabar a lambu da 'yan aji ɗaya

Yau ba makaranta, amma ƙarfe bakwai da rabi muna cikin bas, ni da malamai biyu da yara 'yan aji ɗaya, mun ɗauki hanyar Zariya. Aikin sa kai ne. Makarantar unguwarmu ta nemi wanda zai riƙa raka yara lambu, na ce zan iya tunda harkar noma na karanta. Kafin mu kai Kura har an yi kuka a kan kujerar bakin taga, an yi sulhu da biskit.

Muna sauka suka ruga bakin magudana. Wata ta ja mini hijabi: "Anti, ruwan sama aka yi a nan?" Tana da gaskiya ta tambaya, ga hunturu, ga ƙura, amma ga albasa da tumatir kore shar. Na ce ruwan daga madatsar Tiga yake zuwa, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, shi ake raba wa gonakin Kadawa da kewaye. Ba su damu da shekarar ba. Kwaɗon da ya faɗa ruwa ya fi ni samun masu sauraro.

A gindin kuka na tambaya waye ke shan miyar kuka. Kowa ya ɗaga hannu. Daga ina take zuwa? Wani ya ce kasuwa, wata ta ce leda. Ga itacen a kansu, ba ganye ko ɗaya, sai 'ya'ya na reto. Dattijon da ke kula da lambun ya fasa ɗaya a kan dutse, ya ba kowa ɗan farin garin ya lasa. Da ka ga yadda suka yamutsa fuska don tsami, sannan suka sake miƙo hannu. Daga nan suka riƙe hannun juna za su zagaye gindin, su shida, hannu bai haɗu ba.

Wurin gawo muka fi daɗewa. Duk itatuwan gefen gona sun zubar da ganye, shi kuwa ya yi lif, awaki na tsintar 'ya'yansa a ƙasa. Na ce: "Baba, gaya musu halin gawo." Ya gyara tsayuwa ya ce gawo ba ya shan ruwan damina. Ruwa na sauka zai kaɗe ganyensa, gero ya samu rana, ganyen ya ruɓe ya zama taki, shi ya sa manomi ba ya sare shi a gona. Wani yaro ya ce to me yake sha? Baba ya yi dariya: "Malama, wannan tambayar taki ce." Na ce saiwarsa tana nutsawa can ƙasa inda ruwa yake ko da rani. Yaron ya durƙusa ya fara tono da tsinke. Na ƙyale shi.

Abin da ya ɗan ɓata mini rai shi ne ɗaya daga cikin malaman, bakinta bai huta ba da "kada ku taɓa, za ku ɓata kaya". In ba za su taɓa ba, me ya fito da mu? Allo ma yana da hoton bishiya. Abu ɗaya kawai na hana da gaske, tumfafiya, saboda farin ruwanta in ya shiga ido matsala ce babba. Na tsinke ganye ɗaya da kaina na nuna musu daga nesa.

Ɗorawa ta fara fitar da tutu, wato furenta, jajaye suna lilo. Da na ce daga ƙwayarta, kalwa, ake yin daddawa, kuma jemagu ke zuwa shan furen da dare, wata ta rantse ta daina cin daddawa. Sai mu gani in an zuba mata tuwo.

Bayan azahar muka juyo, rabinsu na barci, safa duk ƙarangiya. Na roƙi shugabar makaranta a sake ba mu bas in damina ta kankama, su ga gawon nan tsirara ga kuka ta yi ganye. Ta ce sai an duba kuɗin mai.