An cire wa Inna maƙoƙo

Jiya muka dawo da Inna gida Agege daga LUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, wuya da bandeji amma tana magana, alhamdulillahi. Shekara da shekaru take fama da maƙoƙon nan tun muna Kano, kullum gyale naɗe a wuya ko a cikin gida, an sha jiƙo an shafa na shafawa har wani ya ce a kai wa wanzami ya tsaga, wallahi har yau in na tuna gabana faɗuwa yake. Sai da ta kasa kwanciya rigingine saboda numfashi, tuwo ma sai da ruwa yake wucewa, sannan ta yarda da asibiti.

Likitan bai yi gaggawar aiki ba. Gwajin jini aka fara, TSH, mai nuna yadda tayirod ke aiki, wato halittar wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo, sai sikanin wuya, sai aka sa siririyar allura aka zuƙo kaɗan a duba ko cutar kansa ce. Ba ita ba ce. Abin da ya fi tsaya min a rai, 'yar kyamara suka zura ta hanci har maƙogwaro su ga inda murya ke fita, don jijiyar muryar ta bayan maƙoƙon take bi, in aka taɓa ta murya kan dishe.

Duka tayirod ɗin aka cire, shi ya sa yanzu ƙwayar magani ɗaya mai maye gurbin aikinta kullum kafin karin kumallo, har iya rayuwa. Nas ta ja mana kunne, in ta ji kamar kiyashi na yawo a leɓe ko yatsu mu koma da gudu, sinadarin kalsiyam na jini ne ya sauka.

Ɗazu da safe ta kira ni, "Auta, miƙo min madubin nan."