Tambayar da ta kai ni bakin teku

Shekara tara ina koyar da fiziks a wata sakandare a Gombe, kuma duk sanda muka zo babin sauti nakan ce wa yara hazo yana shanye ƙara. Ban karanta haka a ko'ina ba, hankalina ne kawai ya ba ni. Wata safiyar hunturu, hazo ya rufe gari har ba a hango ƙofar makaranta daga aji, sai wata yarinya ta ɗaga hannu: "Malam, to yaya aka yi yau da asuba na jiyo kiran sallar masallacin da ba ma jin sa a gidanmu?" Na ce ta ba ni zuwa Litinin.

Neman amsa ya kai ni ga matuƙan jiragen ruwa. Nasu hazon na ruwa ne, namu na ƙura, amma in ya sauka fitilar hasumiyar da ke nuna wa jirage hanya ta tashi aiki, sai dai kunne. A Boston ta Amurka, a 1719 aka fara harba igwa don gargaɗin jirage. Wasu wuraren ƙararrawa ce, mutum ya kwana yana bugu da hannu. A 1859 aka kafa ƙahon gargaɗi mai aiki da tururi, wanda wani injiniya Robert Foulis ya ƙirƙiro, a tsibirin Partridge na Kanada. An ce yana komawa gida cikin hazo ya jiyo 'yarsa tana kaɗa fiyano, ya lura sauti mai kauri ne ke iso shi, siririn ya maƙale a hanya. Duk wanda ya taɓa jiyo kakakin fada daga nesa ya san haka. Foulis ya rasu cikin talauci a 1866, abin da har yau yake taɓa min zuciya.

Binciken wani masanin fiziks, John Tyndall, ne ya warware min. Daga 1873 ya yi ta gwada ƙaho da igwa a South Foreland, kusa da Dover a Ingila, yana saurare daga cikin jirgi. Wata rana sarari garau, sautin ya ɓace nan kusa, cikin hazo kuwa ya yi nisa. Ashe cakuɗuwar iska mai ɗumi da mai sanyi ce ke watsa shi.

Ran Litinin na tsaya gaban allo na ce, "Abin da na koya muku ba daidai ba ne, ku fito da littafi mu gyara." Na zana musu yadda da asubar hunturu iskar ƙasa ta fi ta sama sanyi, sai sautin ladan ya lanƙwaso ƙasa har ya kai gidan su yarinyar.